Iri bakwai a aljihun riga: nazarin wata ziyarar ƙungiya a lambun tsirrai

Ƙungiyarmu ta masu sha'awar shuke-shuke ce. Yawancinmu mun ajiye aiki, muna haɗuwa sau ɗaya a wata mu yi musayar dashe da iri, mu yi ta gardama a kan taki da ban-ruwa. Ni ne sakatare, saboda haka duk fitar da za a yi a wuyana take. Wannan rubutu a kan fita ɗaya ne, wadda muka yi zuwa wani lambun nazarin tsirrai inda aka haɗa mu da jagora ta zagaya da mu. Mun je lafiya mun dawo lafiya, ba wanda ya ji ciwo, ba a kira hukuma ba. Duk da haka an yi abin da ya cinye mana zama biyu ana muhawara, kuma da na koma na bi zaren tun daga farko, sai na tarar bakinsa a hannuna yake.

Takarda mai shafi biyu

Saura mako uku na rubuta wa ofishin karɓar baƙi na lambun. Suka amso da takarda mai shafi biyu. Na farko lokaci ne da wurin haɗuwa: zagayen awa ɗaya da rabi, a hallara bakin ƙofa minti 10 kafin a fara. Na biyu ƙa'idoji ne. Jagora ɗaya ga mutum 15. Ba a sauka daga hanya a taka cikin shuka. Ba a tsinkar ganye ko fure, ba a ɗaukar iri ko 'ya'yan itace ko da sun faɗo ƙasa da kansu. Ba a shigowa da wuƙa ko almakashin dashe, domin ƙarfen da ya yanki tsiro mai cuta yana kai ta ga mai lafiya.

Shafin farko na tura wa mambobi. Na biyun na karanta, na ce a raina mu da muka tsufa cikin lambu wa zai koya mana zama da tsiro, na bar shi a akwatin saƙona.

Mutum 23 suka rubuta suna. Lambun suka ba da shawarar a kasa mu biyu, kashi na biyu ya tashi bayan rabin awa da wani jagoran. Na roƙa a bar mu tare, saboda mota ɗaya muka ɗauko, kuma na san halin mutanena, ba mai son a raba shi da abokin hirarsa. Suka yarda, amma daga yadda suka rubuto ka san ba da son ransu ba ne.

Cikin masu zuwa akwai dattijon ƙungiyar, wanda kowa ke kira Baba. Ya haura 75, gwiwa ta fara ba shi matsala, yana tafiya da sanda. Duk cikinmu ba wanda ya kai shi hannun shuka. Irin da ya ƙi tsirowa a wurin kowa, idan aka ba Baba sai ya fito. Ɗabi'arsa ce duk inda ya ga iri a ƙasa ya sunkuya ya ɗauka ya jefa aljihu, ya reni dashen ya rarraba mana kyauta. Rabin abin da ke lambunanmu ta wannan aljihun ya biyo. A wurinmu wannan abin yabo ne, ba wanda ya taɓa kallonsa a matsayin aibi.

Yadda zagayen ya gudana

Jagorar matashiya ce, ma'aikaciya a sashen renon dashe na lambun, tana karɓar baƙi kwana biyu a mako. A bakin ƙofa ta yi jawabin minti biyu, ta maimaita ƙa'idojin shafi na biyu ɗaya bayan ɗaya, har da maganar irin da ya faɗo ƙasa. Mutum 17 suka ji. Sauran shidan suna hanya daga wurin ajiye motoci, suna tafiya da takun Baba. Na gan su tafe, na duba agogo, na ce mata ta fara kawai za su iso.

Zangon farko gindin wata tsamiya ne. Na ji wani a bayana yana gunaguni, wai tsamiya aka kawo mu gani. Jagorar ba ta ce komai a kan itacen ba tukuna. Ta durƙusa ta nuna ɗan baƙin allon da ke kafe a gindinsa ta ce mu karanta. A sama sunan dangi, Fabaceae, dangin da wake da gyaɗa suke ciki, abin da ya ba wasu mamaki har sai da ta tuna mana siffar kwanson 'ya'yan. A tsakiya suna mai kalma biyu, Tamarindus indica, bisa tsarin da ya kafu tun littafin da masanin Suwidin Carl Linnaeus ya fitar a 1753. Kalmar farko daga Larabci take, tamr hindi, wato dabinon Indiya. Ta biyun ma Indiya ta sake ambata. Amma a ƙasan allon, inda ake rubuta asalin tsiro, yankunan Afirka masu zafi aka sa. Taku kaɗan gaba ga dogon yaro, Azadirachta indica, shi kuwa da gaske daga nahiyar Indiya ya fito. Duka biyun indica ne a suna, ɗaya ya faɗi gaskiya ɗaya ya bi hanyar fatake. Mai gunagunin nan shi ya fi kowa tambaya daga nan.

Sai ta kai yatsa kusurwar allon, inda wasu lambobi suke waɗanda ni kaina ban taɓa kula da su ba a duk lambunan da na shiga. Huɗun farko shekarar da tsiron ya shigo lambun ne, sauran kuma lambarsa a jerin abin da aka karɓa a shekarar. Da wannan lamba ake buɗe kundi a ga wanda ya samo shi, a wane wuri, daga daji ne ko daga wani lambun, da izinin wa. Ta ce kundin nan shi ya raba lambun nazari da wurin shan iska. Lambun Padua na Italiya, wanda aka kafa a 1545 kuma yana nan a inda aka kafa shi, an yi shi ne don ɗaliban likitanci su iya bambance tsiron magani na ainihi da mai kama da shi. Ta ƙara da cewa idan allo ya ɓata aka kasa gano lambar, itacen yana nan da inuwarsa, amma a wurin mai bincike ya zama itacen bakin hanya.

Wannan bayani shi ne mafi daraja a duk yinin, kuma na lura da baya cewa waɗanda ke tsaye a layin ƙarshe rabinsa kawai suka tsinta. Muryar mutum ɗaya a fili, ga iska ga kukan tsuntsaye, ba ta wuce mutum goma sha wani abu. Adadin 15 ɗin da na ɗauka tsaurin ofis ne, ashe awon murya ne.

A gidan gilashi aka ƙarasa wargajewa. Akwai tafki a ciki da bado na Kudancin Amurka, Victoria amazonica, mai ganye kamar faifai wanda faɗinsa kan kusanci mita 3, ƙasansa duk jijiyoyi da ƙaya, furensa fari a daren farko ya koma ruwan hoda a na biyu. Minti 10 aka ware masa, muka ci 25, kowa sai ya ɗauki hoto ta kowace kusurwa. Hanyar ciki ta mutum ɗaya ce. Muka shiga a dunƙule muka fito a jere kamar tururuwa, na gaba sun kai zango na gaba na baya ba su bar bakin tafki ba. Ni kuma ina gaba kafaɗa da kafaɗa da jagora ina ta zuba mata tambayoyi. Ba kowa a baya da aka ɗora wa kula da na ƙarshe.

Zangon ƙarshe wurin saikad ne, tsirran nan masu kama da gajeren dabino alhali ba su haɗa dangi da shi ba, waɗanda zuriyarsu ta riga tsirrai masu fure bayyana a duniya. Lokaci ya ƙure, ta yi bayani a gurguje ga waɗanda ke kusa, muka wuce. Baba da mutum biyu sun iso wurin bayan mun bar shi.

Abin da ya fito daga aljihu

Ba kama Baba aka yi ba, wannan ya kamata a rubuta shi a fili. Mun koma bakin ƙofa muna zaune a kan benci ana jiran direba, sai ya sa hannu a aljihu ya fito da wasu 'ya'ya jajaye masu sheƙi guda bakwai, kowanne ya kai gaɓar babban yatsa, ya baje su a tafin hannu yana tambayar wa ke so idan sun tsiro. Jagorar tana sallama da shugabarmu, idonta ya faɗa kan hannun. Na ga fuskarta ta sauya, ta kuma mayar da ita nan take.

Ta zo ta durƙusa a gabansa. "Baba, sannu da hutawa. Waɗannan a ina ka samo su?"

"A ƙasa, 'yata, gindin masu kama da dabinon nan. Ban tsinka ba, a zube na same su."

Abin da ta fara yi shi ne ta miƙa masa takarda ya juye su, ta roƙe shi ya wanke hannu kafin ya taɓa baki. Irin saikad yana da guba mai lalata hanta, ga shi ja mai jan ido, yaro ya gan shi a kan tebur sai ya kai baki. Baba yana da jikoki a gida, wannan maganar ta shige shi fiye da duk wadda ta biyo baya. Daga nan ta ce ko zai daure ya raka ta ya nuna mata wurin, ta yafito ni na bi su. Sauran mambobi ba su ji abin da aka tattauna a can ba.

Ya nuna gindi biyu, tsakaninsu bai fi taku biyar ba. Huɗu a nan uku a can, in ji shi, ko kuwa uku a nan huɗu a can. Wanne daga wanne, bai riƙe ba, kuma ba dalilin da zai sa ya riƙe.

A nan asarar take, kuma sai da ta yi mana bayani muka gane. Tsirran biyu 'yan jinsin Encephalartos ne na Afirka, amma nau'i daban-daban. Saikad namiji daban mace daban, kowanne yana fitar da curi mai siffar abarba a tsakiyar ganyensa. A daji ƙananan ƙwari ne ke ɗaukar garin namiji su kai wa mace. A lambu, idan ana son iri mai tsabtar asali, da hannu ake yi: a tara garin namijin da aka san lambarsa, a adana shi a sanyi har curin macen ya buɗe na 'yan kwanaki, a ɗura shi ta tsakanin ɓawon, a rufe curin da jakar raga, a rubuta a kundi, a jira watanni har ya nuna ya wargaje da kansa. Gindin farko haka aka yi masa, kuma ita da hannunta ta yi. Jakar ce ta yage ta ƙasa, wasu 'ya'yan suka zubo. Gindi na biyu an bar shi a buɗe, don haka abin da ya zubar ko dai fanko ne marar ƙwaya, ko kuma ruwa-biyu ne da wani namijin da ke kusa. A ido ba ka raba su. Da a gindinsu aka same su, da an san na wane ne. Da suka yi minti 20 a aljihu ɗaya, bakwai ɗin duka sun zama marasa uba a kundi.

Baba ya ce to ai ga su ya dawo da su. Ta ce ta gode, kuma za a shuka su, sai dai ba za a iya sa su cikin waɗanda ake aika wa wasu lambuna ko a mayar daji ba. Ta ba shi labarin Encephalartos woodii, wanda John Medley Wood ya gano a dajin Ngoye na Afirka ta Kudu a 1895, gungu ɗaya tak kuma namiji. Har yau ba a samu macensa ba, duk wanda ke wani lambu a duniya reshen wancan ɗayan ne. Ta ce aikin jakar ragar nan shi ne kada wani nau'in ya kai wannan matsayi. Baba ya yi shiru yana kallon jakar da ta yage. Mai hannun shuka ne, ya san abin da watannin jira suke nufi.

Shugaban sashenta ya zo, aka cike takardar rahoto, aka rubuta sunana a matsayin wanda ya shirya ziyarar. Ya tambaye ni ko mun samu takardar ƙa'idoji. Na ce mun samu. Ya tambaya ko na raba wa mambobi. Ban ji daɗin amsar da na bayar ba. Ba su hana mu dawowa ba, ba su ci mu tara ba, shi da kansa ma ya ce jakar da ta yage da rashin allon gargaɗi a wurin nasu ne. Ya dai nuna mana cewa duk nau'o'in Encephalartos suna cikin jeri na ɗaya na yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin dabbobi da tsirran daji tsakanin ƙasashe, jerin da ya fi tsanani, wanda ko irinsu ba ya ƙetare iyakar ƙasa sai da takardun izini.

Muhawarar da ta biyo baya

A zaman da ya biyo Baba bai zo ba, ya aiko cewa gwiwa ce. Ba wanda ya yarda gwiwa ce.

Wasu suka ce an ci mutuncin dattijo a kan abin da tsuntsu ko ɓera zai iya ɗauka ba a cike masa takarda ba. Na tsaya a kan cewa ba a ci mutuncinsa ba, domin ina wurin: a durƙushe ta yi masa magana, ta janye shi daga idon jama'a, ba ta furta kalmar sata ba ko sau ɗaya. Kunyar da ya ji ta mutumin kirki ce da ya gane ya ɓata aikin wani.

Ma'ajinmu, wanda ya koyar da tarihi shekaru da yawa, ya zo da hujjar da ta fi wuyar turewa. Ya ce lambunan nan da ke hana mutum ɗaukar iri bakwai, da me aka cika su? Ya kawo Henry Wickham, wanda a 1876 ya kwaso irin itacen roba kusan 70,000 daga Birazil ya kai lambun Kew na Landan. Ƙasa da 3,000 suka tsiro, aka tura dashen Silon (Sri Lanka ta yau) da Singafo, cikin shekaru 40 gonakin Asiya suka karya kasuwar robar Birazil. Shi an ba shi lambar girma, in ji ma'aji, Baba kuma an ba shi takardar rahoto.

Tarihin gaskiya ne, kuma ban ga amfanin musanta shi ba. Inda na rabu da ma'aji shi ne abin da ya gina a kai. Irin wannan kwasar ce ta sa ƙasashe suka sa hannu a yarjejeniyar kare bambancin halittu a Rio a 1992, wadda ta tabbatar wa kowace ƙasa iko a kan tsirranta, aka ƙarfafa ta da ƙa'idar Nagoya a 2010. Tsiron da ya shigo lambu daga daji a yau yakan zo da takardar sharaɗi daga ƙasar da ya fito, cewa don bincike da adanawa aka bayar, ba za a miƙa wa wani ba sai da rubutu. Lambun mai riƙon amana ne. Ko jagorar ta so ta ce wa Baba ya tafi da su, ba nata ba ne da za ta bayar. Dokar da ta tsayar da Baba ita ce wadda da tana nan a 1876 za ta tsayar da Wickham.

Akwai kuma dalilin da ya sa ma'aikatan lambu ba sa wasa da aljihun baƙo, ko na mai kyakkyawar niyya. Padua ma ba ta daɗe da buɗewa ba sai da aka kewaye ta da katanga saboda masu shiga da dare suna tuge tsirran magani. A Janairun 2014 an sace Nymphaea thermarum, badon da ya fi kowanne ƙanƙanta a duniya, ɗan asalin Ruwanda, daga gidan gilashin Kew. A shekarar kuma aka haƙe saikad fiye da 20 daga lambun Kirstenbosch na Afirka ta Kudu. Mai gadin irin wannan wuri ba ya iya karanta zuciya, hannu kawai yake gani.

Shugabarmu ta saurari kowa, sannan ta juyo gare ni ta ce, "Malam sakatare, shafi na biyun nan yana ina?" Na buɗe waya na karanta shi a gaban kowa. Da na kai layin irin da ya faɗo ƙasa ɗakin ya yi tsit. Mutum shida ba su taɓa jin wannan layi ba, a rubuce ko a baki, kuma sau uku ina da damar isar da shi: ranar da takardar ta zo, ranar da na ƙi a kasa mu biyu, da safiyar da na ce a fara ba a jira su ba. Wanda aka sani da ɗaukar iri shekara da shekaru, shi ne na bari a can baya ba kowa tare da shi sai masu jin ƙasa da abin da ya ji.

Abin da aka sauya

An rubuta abu uku a littafin ƙungiya. Duk takardar da wurin ziyara ya aiko za a tura ta cikakkiya, a kuma karanta ta da baki a cikin mota. Ba za a wuce adadin da wurin ya gindaya wa jagora ɗaya ba, ko da za a raba aminai. Sakatare kuma a baya zai riƙa tafiya, tare da mafi jinkirin taku, kuma ba a fara jawabi sai ya ɗaga hannu. Wani ya kawo shawarar a riƙa duba aljihu a bakin ƙofa, aka yi dariya aka wuce. Na rubuta wa lambun takardar ban-haƙuri da sunana, ban sa na Baba ba.

Ni da shugaba muka je gidansa muka gaishe shi, na gaya masa abin da na karanta a taro. Ya ce ba komai, amma da na turo masa shafin da ya bar rigar mai aljihu a gida. Ya dawo zama na gaba da tiren dashe kamar yadda ya saba, sai dai a wannan karon kowace leda da ɗan katako a soke, an rubuta sunan tsiron da inda aka samo irin da watan da aka shuka.

Bayan wata biyu jagorar ta amsa takardata da hoto. Irin Encephalartos ba a shuka shi da zarar ya faɗo, sai an cire jan naman an ajiye shi watanni ƙwayar ciki ta ƙarasa girma. Bakwai ɗin suna cikin leda guda a kan kanta, nesa da 'yan'uwansu da aka kwashe daga cikin jakar raga. An ba su lambar shiga kundi tasu ta kansu, a layin iyaye kuma an rubuta lambobin uwa biyu da alamar tambaya a tsakani.